Waƙa a Bakin Wanda Ba Mai Ita Ba: Abin da Ya Sa 'Yan Kallo Ke Neman Muryar Ɗan Wasa

Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma akwai wani al'amari da ya bayyana a fagen wasannin bidiyo wanda, in an dube shi sama-sama, sai a ce ya ƙaryata wannan karin magana. Tun bayan da aka buɗe dandalin YouTube a shekarar 2005, matasa a Amurka da Turai da Japan suka shiga ɗaukar hoton wasannin kiɗa da waƙa da suke bugawa, suna sakawa a intanet domin jama'a su kalla. Sau da yawa abin da ake gani a irin wannan ɗauka shi ne fuskar talabijin kawai: baitocin waƙa suna wucewa, maki yana hauhawa, muryar da ke tashi kuwa ta shahararren mawaƙin da ya yi waƙar tun asali ce. Ɗan wasan ya kashe tasa muryar, ko kuma ya rage ta yadda ba a jin ta. To, maimakon 'yan kallo su gode da aka bar musu muryar gwani, sai ƙorafi ya biyo baya, suna neman a bari su ji ɗan wasan da kansa, ko da muryarsa tana rawa, ko da yana tafka kurakurai.

Me zai sa mutum ya ture muryar gwani ya nemi ta ɗan koyo? Amsar tana cikin ƙirar maƙogwaron ɗan Adam da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa, kuma ilmin halittu yana da bayani mai gamsarwa a kan kowane ɗaya daga cikinsu.

Asalin Waɗannan Wasanni

Tushen wasannin waƙa yana ƙasar Japan. A can ne aka ƙirƙiro karoke, kalmar da ke nufin kiɗan da babu mawaƙi a cikinsa. Wani makaɗi mai suna Daisuke Inoue yana cikin waɗanda suka fara ƙera na'urar, a birnin Kobe cikin shekarar 1971. Na'urar tana sako kiɗa zalla, sai duk wanda ya ji zai iya ya ɗauki makirufo ya cike gurbin mawaƙi.

Daga baya masu ƙera wasannin bidiyo suka ƙara wa abin alƙali. A shekarar 2003 kamfanin Konami ya fitar da Karaoke Revolution a Amurka, wasan da kamfanin Harmonix ya tsara. A 2004 reshen kamfanin Sony da ke Landan ya fitar da SingStar, wanda ya karɓu ƙwarai a gidajen Turai. Guitar Hero ya biyo baya a 2005 da jitar roba mai maɓallai masu launi, sa'an nan a 2007 aka fitar da Rock Band, wanda ya haɗa masu jita da mai ganga da mai waƙa a wasa guda. A 2019 dandalin Twitch ya fitar da nasa wasan, Twitch Sings, wanda aka tsara shi musamman domin ɗan wasa ya rera jama'a suna kallonsa kai tsaye. An rufe shi a farkon shekarar 2021, kamar yadda aka rufe sashen intanet na SingStar a 2020. Duk da haka hotunan da aka ɗauka suna nan birjik, kuma ana ci gaba da ɗaukar sababbi da wasu wasannin.

Abin da Na'ura Ke Aunawa

Kafin a fahimci ƙorafin 'yan kallo, ya kamata a san abin da makin nan yake nufi. Sauti dai girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Idan girgizar ta yawaita a cikin daƙiƙa guda sai a ji sauti siriri, idan ta ragu sai a ji shi da kauri. Alal misali, sautin da makaɗan Turai suka saba daidaita kayan kiɗansu da shi yana girgiza sau 440 a daƙiƙa.

Aikin na'urar wasa shi ne ta karɓi abin da ya shiga makirufo, ta ƙirga yawan girgizarsa, ta gwada shi da adadin da aka riga aka rubuta mata cewa shi ne daidai a wannan gaɓa ta waƙar. In sun dace, kuma lokacin ya dace, sai ta ba da maki. A akasarin waɗannan wasanni na'urar ba ta kula da kalmomin da aka furta a wuraren rerawa. Wanda ya rufe baki ya yi ta guɗa ta hanci yana iya cin maki fiye da wanda ya buɗe murya ya rera da zuciya ɗaya. Hasali ma wasu gwanayen wasan sun gano cewa lanƙwasa murya da jan ta, irin wanda ke ƙawata waƙa a kunnen mutum, yana iya jawo musu asarar maki, don haka sai su riƙe sauti a miƙe kamar ƙarar injin.

Saboda haka makin da ke fuskar talabijin labarin abu biyu kawai yake bayarwa, wato hawa da saukar sauti da kuma lokacinsa. Ɗan kallon da ya ga an ci kashi ɗari bisa ɗari bai san ko rerawa aka yi ko guɗa ba, bai ma san ko mutum ne ya yi ko wata na'ura aka kara wa makirufo ba. Sauran bayanin duka yana cikin muryar da aka ɓoye.

Yadda Jiki Ke Samar da Murya

Domin a gane yawan bayanin da murya ke ɗauke da shi, sai a dubi inda take fitowa. A cikin wuya, daidai bayan zakaran wuya, akwai wani ɗan akwati na guringuntsi a saman bututun iska. A cikinsa akwai tantani guda biyu masu tsoka da ke kwance gefe da gefe, waɗanda ake kira tantanin murya. Tsawonsu a babban namiji yana kaiwa milimita 17 zuwa 25, a mace kuwa bai cika wuce milimita 17 ba. Lokacin numfashi sukan buɗe iska ta wuce. Lokacin magana ko waƙa sai su matso su haɗu, iskar da huhu ke turowa ta ture su su buɗe, su sake rufewa, a yi ta haka da saurin gaske. A maganar yau da kullum tantanin namiji kan kaɗa wajen sau 120 a daƙiƙa, na mace wajen sau 200 ko fiye. Wani malamin koyar da waƙa ɗan ƙasar Sifen, Manuel García, yana cikin mutanen farko da suka ga wannan tantani yana aiki a jikin rayayyen mutum. A shekarar 1854 ya yi amfani da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana ya leƙa nasa maƙogwaron yana cikin rerawa.

Sautin da tantanin ke fitarwa ɗanye ne, ya fi kama da ƙugin ƙudan zuma. Sai ya ratsa maƙogwaro da baki da hanci, tafiyar kimanin santimita 17 a babban namiji, kafin ya zama muryar da aka sani. Wannan hanya tana ƙarfafa wasu sassan sautin tana danne wasu, kamar yadda ƙoƙon goge ke ba tsirkiya amo. Da yake tsawon wuya da faɗin baki da girman harshe da kogon hanci sun bambanta daga mutum zuwa mutum, sai kowa ya fito da amon da ya keɓanta da shi. Shi ya sa ake gane mai sallama tun yana zaure.

Har ila yau, jijiyar da ke sarrafa tsokokin tantanin murya reshe ce ta wata babbar jijiya mai suna begas, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta isa zuciya da huhu da hanji. Ga shi kuma murya ta dogara kacokan ga numfashi. Idan tsoro ko zumuɗi ya kama mutum, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, yawu ya ƙafe, tsokoki su ɗaure. Duk wannan yana fitowa a murya nan take: ta yi sama, ta yi rawa, ko ta sarƙe. Ɗan wasan da ke danna maɓallin jitar roba yana iya kasancewa cikin fargaba ba wanda ya sani, domin sautin da ke fita an riga an naɗe shi tun a ɗakin ɗaukar waƙa. Mai rerawa ba shi da wannan mafaka, saboda jikinsa ne abin kiɗan.

Murya a Matsayin Shaida

Masana halayyar dabbobi sun daɗe da lura cewa dabbobi sun fi mai da hankali ga alamar da ke da wuyar yi wa ƙarya. A shekarar 1978 wasu masana biyu a Ingila, Nicholas Davies da Tim Halliday, suka nuna cewa mazan kwaɗi suna auna girman abokin hamayya daga kaurin kukansa. Babban kwaɗo ne ke iya fitar da kuka mai kauri, don haka in aka sako wa namiji irin wannan kuka ta lasifika sai ya rage kai hari. A shekarar 1979 Tim Clutton-Brock da Steve Albon suka bayyana yadda mazan wata irin barewa a tsibirin Rum na ƙasar Sikotilan ke yin gasar ruri kafin su gwabza. Ruri akai-akai yana cin ƙarfi, wanda ba shi da ƙoshin lafiya ba zai jure ba, saboda haka sau da yawa rurin kaɗai ke raba gardama ba tare da an haɗa ƙaho ba.

Ɗan Adam ma ya gaji wannan kunne mai neman gaskiyar jiki a cikin sauti. Daga 'yan kalmomi kaɗan mai sauraro kan yi hasashen ko namiji ne ko mace, yaro ne ko tsoho, a gajiye yake ko a wartsake, yana cikin fara'a ko ɓacin rai. Waƙa kuwa ta fi magana tona asiri, domin tana bukatar dogon numfashi da riƙe sauti a wuri guda. Ɗan kallon da ya nemi a kunna makirufo yana neman shaidar da maki ba zai iya ba shi ba, wato tabbacin cewa akwai rayayyen mutum a bayan lambobin, kuma ga halin da yake ciki.

Wannan bukata ta ƙara ƙarfi a zamanin da gyaran murya ya zama ruwan dare. A shekarar 1997 aka fitar da manhajar Auto-Tune, wadda injiniya Andy Hildebrand ya ƙirƙiro bayan ya yi shekaru yana nazarin girgizar ƙasa domin neman man fetur. Manhajar tana ɗaukar sautin da ya kauce ta mai da shi daidai. A yau kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum ɗungurungum. Yayin da muryoyin da ke fitowa daga faifai suka zama sumul babu tabo, muryar da ke numfashi tana tuntuɓe ta zama abin marmari.

Gurbin Murya a Kunne da Ƙwaƙwalwa

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke girgiza daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a daƙiƙa, amma ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Ramin kunne, mai tsawon kusan santimita biyu da rabi, yana ƙara wa sautukan wannan yanki ƙarfi kafin su isa dodon kunne, kuma a yankin ne ake samun yawancin abin da ke bambanta baƙaƙen magana. Daga dodon kunne girgizar kan bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku ta shiga katantanwar kunne, inda ƙwayoyin halitta masu gashi ke mai da ita saƙon jijiya zuwa ƙwaƙwalwa.

A shekarar 2000 Pascal Belin da Robert Zatorre da abokan aikinsu a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka sako musu sautuka iri-iri. Sai suka tarar akwai wasu gurabe a gefen ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunne, waɗanda ke motsawa da ƙarfi in sautin daga maƙogwaron mutum ya fito, ko magana ce ko dariya ko tari, fiye da yadda suke yi in ƙarar ƙararrawa ce ko injin ko iska. Daga baya an gano makamantan waɗannan gurabe a ƙwaƙwalwar birai a 2008, da ta karnuka a 2014, abin da ke nuna cewa tsohon tsari ne a jikin dabbobi masu shayarwa.

Wannan kusanci da murya yana farawa tun kafin haihuwa, domin a watannin ƙarshe na ciki ɗan tayi yana jin muryar uwarsa ta cikin jikinta. A shekarar 1980 Anthony DeCasper da William Fifer a Amurka suka ba jarirai 'yan ƙasa da kwana uku wani kan nono na roba da aka haɗa da na'ura. Yanayin tsotson jariri ne ke zaɓar muryar da za a sako masa, ta uwarsa ko ta wata mace. Akasarin jariran suka canza tsotsonsu domin su ji muryar uwa.

To, yaya abin yake in an zo ga waƙa? A shekarar 2012 Michael Weiss da Sandra Trehub da Glenn Schellenberg na Jami'ar Toronto suka sako wa mutane wasu karin waƙoƙi da ba su sani ba. An rera wasu da murya ba tare da kalmomi ba, an kaɗa wasu da piyano da wasu kayan kiɗa biyu. Da aka gwada su daga baya, sai aka ga sun fi tuna waɗanda aka rera, alhali kuwa da aka tambaye su ba su ce muryar ta fi kayan kiɗan daɗi ba. A wani binciken na 2016 an ga cewa 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana ƙara buɗewa in ana sauraron murya, wanda alama ce ta tattara hankali. Darasin a nan shi ne murya tana kama hankali ko da ba ta burge ba. Makaɗan Hausa sun san wannan tun da daɗewa. Mai kalangu yana matsa tsirkiya yana sassautawa ne domin gangarsa ta bi hawa da saukar karin harshe, ta yi kamar tana magana, kuma da haka take jan kunnen taro.

Mai Sauraro Ma Yana Cikin Wasan

Akwai kuma wani dalili da ya shafi jikin mai sauraron kansa. Karin magana na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a ilmin halittu wannan gaskiya ce ga wasu tsuntsaye: kanari da aku suna koyon sauti ne ta hanyar sauraro da kwaikwayo. Wannan baiwa ba ta da yawa a cikin dabbobi. Ban da waɗannan tsuntsaye, ana samun ta a wasu manyan dabbobin teku da jemagu da giwaye, sai kuma ɗan Adam, wanda ya yi wa birai fintinkau a wannan fage. Dabbar da ke koyon sauti dole ne sashen ji da sashen sarrafa tsokar murya su kasance a haɗe sosai a ƙwaƙwalwarta. A shekarar 2002 Luciano Fadiga da abokan aikinsa a Italiya suka nuna cewa idan mutum yana sauraron kalmomin da furta su ke bukatar kaɗa harshe, sashen ƙwaƙwalwarsa mai sarrafa harshe yana ƙara zama cikin shiri, ko da bai buɗe baki ba.

Ba kowa ya taɓa riƙe jita ba, amma kowa yana da maƙogwaro. Idan ɗan wasa ya doshi wata gaɓa mai tsawo da ke bukatar siririyar murya, ɗan kallo ya san wahalar a jikinsa, har wani kan riƙe numfashi ba da saninsa ba.

A nan ne batun jira ya shigo. A shekarar 2011 Valorie Salimpoor da abokan aikinta, su ma a Montiriyal, suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi da kwaɗayin lada, a lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwarsa, kuma tana sakinsa tun a 'yan daƙiƙoƙin da ake jiran isowar wurin. Waƙar da ke faifai ba ta canzawa, wanda ya ji ta sau hamsin ya san mawaƙin ba zai faɗi ba. Amma in ɗan koyo ne ya ɗauko ta, ɗan kallo ya san inda ramin yake, bai kuwa san ko za a tsallake ba. Sanin hanya tare da rashin sanin ƙarshe shi ne abin da ke riƙe mai kallon dambe ko kokawa, kuma shi ne ke riƙe mai kallon wasan waƙa.

Kuskure ma yana da nasa amfani, amma da sharaɗi. A shekarar 1966 Elliot Aronson da abokan aikinsa a Amurka suka sako wa ɗalibai kaset na wani mai amsa tambayoyin gasa. A wani kaset ya amsa kusan duka daidai, a wani kuma ya faɗi yawancinsu, sa'an nan a wasu aka ji ya kifar da kofin gahawa a jikinsa. Gwanin da ya yi ɓarin ya fi kowa shiga ran masu sauraro, amma ɓarin bai taimaki wanda dama bai iya ba. Haka abin yake ga ɗan wasan da ya ci maki mai yawa: in an ji muryarsa ta sarƙe sau ɗaya ya yi dariya ya ci gaba, sai 'yan kallo su ƙara jin shi a ransu.

Bugu da ƙari, rerawa tana haɗa zukata da sauri. A shekarar 2015 Eiluned Pearce da Jacques Launay da Robin Dunbar na Jami'ar Oksfod suka bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu suna koyon waƙa, wasu sana'ar hannu ko rubutu. Tun a watan farko 'yan ajin waƙa suka fi sauran jin kusanci da juna, ko da yake a ƙarshe sauran sun kamo su. Wanda ya buɗe murya a gaban baƙi ya miƙa musu wani abu na kansa, su kuwa sukan saka masa da amshi, ko da ta hanyar rubuta masa 'yan kalmomin ƙarfafawa ne.

Me Ya Sa Ɗan Wasa Ke Ɓoye Muryarsa?

Wani lokaci dalilin na kayan aiki ne, domin na'urar ɗauka takan kama sautin wasan kawai. Wani lokaci kuma ɗan wasan guɗa yake yi don neman maki. Amma babban dalili shi ne kunya, ita ma tana da tushe a jiki. Mutum yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara wa sautin kauri. Na'ura kuwa abin da ya bi iska kawai take ɗauka. Shi ya sa wanda ya ji muryarsa a kaset yakan ce ba tasa ba ce, ta yi siriri, ta yi baƙunta, alhali ita ce jama'a suka saba ji kullum.

Kunyar nan tana da ƙarfi har masu bincike suna amfani da ita a ɗakin gwaji. Virginia Sturm da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun sa mutane sun rera wata sananniyar waƙa tare da kiɗa, sa'an nan suka nuna musu hoton kansu bayan an cire kiɗan. Bugun zuciyar masu lafiya ya canza, gumi ya tsattsafo, fuskokinsu suka nuna kunya. Masu wata cutar da ke lalata gaban ƙwaƙwalwa kuwa ba su nuna damuwa sosai ba. Ke nan jin kunya a irin wannan hali alama ce ta ƙwaƙwalwa mai lafiya da ke kula da yadda jama'a ke kallon mai ita.

Sai dai tsoron ya zarce gaskiyar lamarin. A shekarar 2007 Simone Dalla Bella da Isabelle Peretz da abokin aikinsu suka nemi mutanen gari, yawancinsu masu shan iska a wani lambu a Montiriyal, su rera wata waƙa da kowa ya sani a yankin. Akasarinsu sun rera daidai gwargwado, kuma waɗanda aka sa suka rage sauri sun kusanci gwanaye wajen daidaita sauti. Masu larurar kasa bambanta hawa da saukar sauti tun daga haihuwa 'yan kaɗan ne. Wani babban bincike na 2017 ya ƙiyasta su a kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na jama'a.

Gwajin da Za a Iya Yi a Aji

Malamin kimiyya na iya nuna yawancin waɗannan bayanai ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Da farko ɗalibi ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa ya ja sautin "zzz", sa'an nan ya ja "sss". A na farko zai ji girgizar tantanin murya, a na biyu ba zai ji ba. Na biyu, ya toshe kunnuwansa da yatsu ya yi magana, zai ji muryarsa ta ƙara kauri, wato ya ji saƙon da ke bi ta ƙashi. Na uku, a ɗauki muryar ɗalibai biyar da wayar hannu suna furta jimla guda, a sako wa aji idanu a rufe, a ƙirga mutum nawa suka gane kowane mai magana. A ƙarshe a sa ɗalibi ya karanta jimlar yana zaune, ya sake karanta ta bayan ya zaga fili da gudu, a ga ko 'yan aji za su iya bambancewa daga sauti kaɗai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa karin maganar da aka buɗe da ita ba ta faɗi ba. Mawaƙin asali shi ne mai waƙar, amma a cikin hoton wasan ɗan wasa ne mai ƙoƙarin, kuma ƙoƙarin ne aka zo kallo. Wanda ke son waƙar zalla faifai zai nema. Na'ura tana auna girgiza da lokaci ta ba da maki, kunnen ɗan Adam kuwa tun daga ciki aka shirya shi ya nemi mai muryar, ya karanci numfashinsa da fargabarsa da farin cikinsa. Akwai abin lura a nan ga malamai da ɗalibai. Makin jarrabawa, kamar makin wasa, yana auna abin da aka tsara shi ya auna ne kawai, don haka malamin da ke son sanin ɗalibinsa sai ya sa shi ya tashi ya yi bayani da bakinsa. Ɗalibin da ke noƙewa a bayan aji saboda tsoron muryarsa za ta yi rawa kuwa, ya kamata ya san cewa masu sauraro sun fi shi haƙuri da wannan rawar, kuma yawan tashi a yi magana shi ne ke rage ta.